Gwaggo Mai Kalmasa Uku

Ranar wata Laraba da hantsi, ina tsakar gidana a Birnin Kudu ina shanya wanki, ƙanina ya kira ni daga Gwaram. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Gwaggo ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na tsinci kaina zaune a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ban san lokacin da na zauna ba. Kafin maigidana ya dawo daga wurin aiki mu kama hanya, azahar ta gota. Da muka isa Gwaram an riga an kai ta makwancinta.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, saura mako biyu a koma makaranta. Ranar farko kuka aka sha, kamar yadda ake yi a kowane gidan rasuwa. Amma daga rana ta biyu zaman makokin nan ya sauya kama, har na ji kunyar baƙi. Wani ƙaton mutum ne ya jawo, ma'aikaci a ƙaramar hukuma, ɗan maƙwabtanmu na da. Ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa, ya durƙusa gaban Innarmu da ƙyar saboda teɓa, ya ce Allah ya jiƙanta, aka ce amin. Maimakon ya tashi sai ya ce, "Inna, kin tuna wandona?"

Inna ta ce, "Wane wando?"

"Wanda Gwaggo ta ɗinka min da zan shiga aji ɗaya. Wallahi da shi na gama aji biyar. Ranar farko ƙasa yake shara, zariyar sau biyu take zagaye ni."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya daga bayan ɗaki, ta toshe baki da mayafi. Sai wata ta kama. Tsohuwar da ke zaune kusa da ƙofa, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta daka tsawa ta ce, "Haba jama'a, gidan makoki ne fa!" Aka yi tsit. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, kamar da kanta take magana, "Ni nawa ɗan, sai an naɗe masa hannun riga sau uku kafin ya iya cin tuwo." Shi ke nan, gida ya ɗauka. Ana dariya ana share hawaye, kowa na jiran a ba shi fili ya faɗi nasa.

Baba na waje a gindin darbejiya tare da maza, carbi a hannu. Gwaggo yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Da na samu mutane sun ragu na je na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya daɗe yana dubana. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka shi da Gwaggo duk "Uwata" suke kirana. Ya ce, "Uwata, yanzu wa zai yi min faɗa?" Mutum mai furfura, mai jikoki fiye da ashirin.

A hanyar komawa gida na ce wa maigidana zan rubuta abin da na tuna game da ita. 'Ya'yana sun san ta tsohuwa mai zama a tabarma. Ba su san ta da ƙarfinta ba, kuma labarin da ba a rubuta ba, da masu shi yake tafiya.

Mijin Gwaggo ɗan kasuwa ne, yana kai hatsi Kano yana dawowa da yadi. Ya rasu tun ban yi wayo ba, ya bar mata 'ya'ya biyu da keken ɗinki baƙi mai ƙafa. Ba ta sake aure ba. Gidanta na manne da namu, katanga ɗaya, kuma an fasa wata 'yar ƙofa a katangar don kada ta riƙa zagayowa ta waje idan za ta zo yin faɗa. Tana ɗinkin sallah da na biki kamar kowane tela, amma duk wannan a wurinta neman abinci ne. Aikin da ta ɗauka nata na gaske shi ne shirya yara idan za a koma makaranta. Ba wanda ya naɗa ta. Ita ta naɗa kanta, kuma ba wanda ya isa ya sauke ta.

Ba ta jiran a sanar da ranar komawa. Da ta ga gero ya fara fitar da kai sai ta leƙo ta ƙofar katanga ta ce, "A turo min su." Mu 'ya'yan Baba, da 'ya'yan Baffa, da na maƙwabta, da duk wanda tsautsayi ya sa ya shigo wasa ranar, sai mu yi layi daga babba zuwa ƙarami. Idan Inna ta ce, "Yaya, ai da sauran lokaci," sai ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuwa ranar tafiyar ma kuke shuka goran."

Gwajin nata daban ne. Za ta ɗora tef a kafaɗarka, ta ja shi har inda ya kamata ya tsaya, sannan ta ƙara tafin hannunta guda, ta dube ka sama da ƙasa, ta ƙara wani. Duk abin da ya yi yawa sai ta naɗe shi ciki ta yi kalmasa, ta sake naɗewa ta yi wata, ta yi ta uku. Kowace shekara a warware ɗaya. Saboda haka a makarantarmu ana gane yaran Gwaggo daga nesa: wandonsu na da layi-layi a ƙafa, sama ya koɗe, ƙasa sabo fil. Idan muka yi ƙorafi sai ta ce, "Yaro ba turke ba ne, tafiya yake yi sama. Gara kaya su jira yaro da yaro ya jira kaya." Na taɓa yin kuka a kan wani hijabi da ya sauko min har idon sawu. Ta ce, "Yi kukanki, Uwata, ga yadi nan isasshe na share hawaye."

Takalmi kuwa ba ta zuwa da mu kasuwa, ta ce yaro a gaban mai takalmi ido ne da shi, ba ƙafa ba. Tsinken tsintsiya take ɗauka ta auna tafin ƙafar kowa, ta ƙara faɗin yatsa, ta karya, ta ɗaura masa zare. Kowa da launinsa, nawa kore ne. Ranar kasuwar Gwaram sai ta ƙulle tsinkayen a bakin mayafi ta fita. Sau ɗaya ta tafi da ni don in riƙe mata kwando. Tun daga nesa mai sandal ya hango mu ya ce wa maƙwabcinsa, "To, ga Gwaggo mai tsinke nan, yau sai Allah." Ta zauna a kan bencinsa kamar nata, ta riƙa zura tsinke cikin takalmi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya dace sai ta lanƙwasa shi biyu, ta ja igiyar da ƙarfi, ta duba ƙasan.

Ya ce, "Hajiya, wannan ɗan waje ne, shekara biyu zai yi."

Ta ce, "Wannan? Ko nan garin Maruta ba zai kai ba. Ciro min na cikin buhun can da kake zaune a kai."

Ya yi dariya ya tashi ya ciro. Ashe masu ƙwarin nan ne yake ɓoyewa.

Haka take yi wa mai littattafai. Sai ta buɗe littafin rubutu ta ɗaga takarda ɗaya sama, ta sa hannunta a baya. In ta ga inuwar yatsunta sosai sai ta ajiye, ta ce biro zai huda shi. Fensir kuma da an kawo gida take sa reza ta raba shi biyu, ta ba ka rabi, ta jefa rabin a wani gwangwanin madara da ke kan kabad ɗinta. Hujjarta ita ce, yaro bai taɓa ƙarar da fensir ba, ɓatar da shi yake yi, to gara ya ɓatar da rabi. Takardar siminti take aika a roƙo mata wurin magina, a kaɗe ta, a juya cikinta waje, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har ta kwanta sumul, mu zauna mu yi wa littattafai bango. Jaka kuwa daga tsofaffin zannuwanta take yanka, ta sa buhun shinkafa a ciki don kada ruwa ya ratsa. Ni da jakar da aka yi da zanin da ta sa ranar sunana na yi firamare.

Wata shekara Kawunmu na Kano, ƙanin Inna, ya zo da tsaraba. Ya kawo wa autarmu wata jaka ja mai ƙyalli, mai tayoyi biyu da hannun da ake zarowa a ja ta a ƙasa. Duk unguwa aka zo kallo. Autar ta ƙi cin abinci don murna. Muka zuba ido mu ga abin da Gwaggo za ta ce. Ta juya jakar, ta murza tayar da yatsa, ta ce, "Allah ya sa alheri," ta koma gidanta. Hanyar makarantarmu kuwa laka ce da tsakuwa. Kwana uku auta ta dawo da jaka a ka, taya ɗaya a hannu, tana kuka. Gwaggo ba ta ce ai na faɗa ba, don ba ta faɗa ɗin ba. Ta buɗe aljihun kekenta ta ciro igiyoyin goyo biyu, jajaye, da ta riga ta ɗinka tun ranar da jakar ta iso. Ta cire ɗaya tayar, ta ɗinke igiyoyin, auta ta goya abarta. Da Kawu ya sake zuwa ya tambayi ina tayoyi, ta ce, "Na titin Kano ne, ba su saba da mu ba. Sun koma gida."

Faɗanta da Baba da na fi tunawa, a kan babban yayanmu aka yi. Ya ci jarrabawa, aka ba shi gurbi a makarantar kwana a Birnin Kudu. Takardar ta ce duk wanda bai bayyana ba a cikin makon farko, za a ba wani gurbinsa. Shekarar kuwa Baba ya zuba gyaɗa mai yawa a gonarsa ta hanyar Maruta, ta nuna, kuma ruwa bai ɗauke ba. Duk manomi ya san gyaɗar da ta nuna in ta daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa tsirowa take yi. Abincinmu na shekara ke nan. Yayanmu shi kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidan. Baba ya ce yaro zai tsaya mako biyu a cire gyaɗa, sannan ya kai shi da kansa ya ba malamai haƙuri.

Gwaggo ta shigo ta ƙofar katanga da tef a wuya.

"Me nake ji, Malam?"

"Abin da kika ji, Yaya. Makaranta ba gudu za ta yi ba."

"Makaranta ba ta gudu, gurbi ne ke gudu. Kai ka rubuta takardar da za ka ce za su jira ka?"

"To gyaɗar fa? Takarda za mu ci?"

"Gyaɗa kowace shekara ana shukawa. Yaron nan sau nawa za ka shuka shi?"

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, ɗana ne, gonata ce, kuma na gama magana." Ya saɓa fartanya ya fita.

Gwaggo ta tsaya tana kallon ƙofar da ya bi. Inna ta shige ɗaki, don ba ta shiga tsakanin wa da ƙanwa, balle ƙani da yaya. Mu kuwa mun zaci an gama. Ashe akwatin ƙarfe na gidan Gwaggo a shirye tun mako guda: yunifom biyu, gidan sauro, bokiti, kwano da cokali, tocila, garin kwaki, yaji, kwaɗo da mabuɗinsa a igiyar wuya. Washegari da Baba ya tafi gona, ta sa mayafinta na unguwa, ta ce wa yayanmu, "Ɗauki akwati." Ya ce, "Gwaggo, Baba fa?" Ta ce, "Babanka ni na yi masa wanka tun yana jariri. Ɗauki akwati." Suka tafi tasha, suka hau bas, ta kai shi har gaban malamin da ke karɓar sababbin ɗalibai, ta dawo kafin magariba.

Baba ya dawo ya ji abin da ya faru. Ya ɗauko wani tsohon kwano na rufi ya jingina a ƙofar katanga, ya tokare shi da turmi.

Da sassafe ya tafi gona shi kaɗai, ransa a ɓace. Yana isa ya tarar da mata goma sha ɗaya a cikin gyaɗarsa, duk tsofaffi da zawarawan unguwa, kowace da ɗamara, Gwaggo a gaba. Gayya ta yi. Duk wadda ta taɓa ɗinka wa ɗanta riga, ta bi ta gida ta ce yau ranar ramuwa ce. Kwana huɗu suka yi suna cira suna tsinka, suna waƙa suna tsokanar Baba, shi kuwa yana can gefe guda yana aiki bai ko ɗaga kai ba. Gyaɗa ta shigo gida lafiya. Gwaggo kuma ta kwanta ciwon baya kwana biyar, ta hana a gaya masa.

Ba su yi magana ba har kusan mako uku. Wata safiya muka ga Baba ya janye turmin da kansa, ya cire kwanon, ya shiga da fanteka cike da ɓararriyar gyaɗa, ya ajiye a gabanta, ya tsuguna ya ce, "Ina kwana, Yaya." Ta ce, "Lafiya lau," kamar jiya suka rabu. Ta soya gyaɗar ta yi ƙuli-ƙuli, ta ƙulle, ta miƙa masa ta ce, "Ranar Asabar ake ziyara. Kai za ka kai masa, ba ni ba." Ya kai. Yayan namu yanzu malamin gona ne, kuma har gobe in ana zancen, Baba cewa yake shi ma yana da gaskiya ranar. Ina ganin yana da ita. Sai dai ita ta san inda za ta samo hannaye ashirin da biyu, shi bai sani ba.

Kada a ɗauka Gwaggo ba ta da aibu. Bakinta kaifi ne da shi, ta sa matan ƙannenta kuka ba sau ɗaya ba. Kuma ba ta karɓar kuskure. Shekarar da makarantarmu ta sauya launin yunifom daga shuɗi zuwa ruwan toka, an gaya mata, ta ce ba ta ji ba, ta ɗinka mana shuɗi mu bakwai. Da aka koro mu, ba ta ce ta yi kuskure ba. Mayafi ta ɗauka ta tafi ofishin hedimasta ta tambaye shi laifin da shuɗi ya yi masa. Bawan Allahn nan ya rasa yadda zai yi da ita, ya ce mu sa har ƙarshen zango.

To wannan matar da ba ta kuskure, duk shekara sai ta yi kuskuren yanka. Za ka ji ta tana faɗa ita kaɗai a kan keke: "Kai, tsufa! Dubi yadda na ɓata yadin mutane. Wannan rigar ba za ta shiga kowa a gidan nan ba." Sai ta naɗe ta ta fita da ita. Muna yara mun ɗauka da gaske ne, har muna yi mata dariya a ɓoye.

Ranar sadakar uku wata mata ta zo daga Fagam, ungozoma ce a can, ban gane ta ba sai da ta faɗi gidansu. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Shekarar da babanmu ya rasu, innata ta ce na gama makaranta, don yunifom ɗina ya mutu kuma ba za ta roƙi kowa ba. Kin san halinta, ko gishiri ba ta ara. Sai ga Gwaggo da sallama, da riga da wando da hijabi a hannu, tana ta mita. Ta ce wa innata, 'Don Allah ki rufa min asiri. Na yi ɓarnar yanka, in ƙanina ya gani zai ce idona ya mutu. Gwada wa 'yarki, in ya shige ta ki raba ni da shi.' Aka gwada. Kamar a jikina aka auna, har da kalmasar nan uku. Innata ta ce to, za ta taimake ta." Matar ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Sai da na girma na tuna, kwana biyu kafin nan ta tsayar da ni a hanya ta dafa kafaɗata da tafin hannu, wai tana tambayata lafiyar innata."

Ni kuma nawa rabon ya zo da zan tafi sakandaren 'yan mata ta kwana. Ni ce 'yar fari a mata, Inna na jin kunyata, ko sunana ba ta faɗa. Akwai maganganun da ba za su taɓa fita daga bakinta zuwa kunnena ba. Ana jibi tafiya, da la'asar, Gwaggo ta kore yara daga gidanta, ta ce in shigo ɗaki in sakaya ƙofa. Akwatina na buɗe a tsakiyar ɗaki. Ta nuna min komai da inda ta sa shi, har gwangwanin allura da zare da maɓallai, ta ce yarinyar da ta iya mayar da maɓallinta ba ta durƙusa wa kowa. Sannan ta ɗaga kayan, daga can ƙasa ta ciro wani ɗan ƙunshi na fararen ƙyallaye masu laushi, an yi musu kalmasa da hannu, ɗinki ƙanana-ƙanana.

Ta ce, "Zauna, Uwata. Akwai baƙon da zai zo miki, watakila bana, watakila baɗi, kuma ba na so ya same ki a cikin baƙi ba ki san shi ba."

Ta yi min bayani dalla-dalla, ba tsoratarwa, ba kwana-kwana: abin da zan gani, yadda zan yi, yadda zan wanke in shanya, hukuncin sallah da wanka. Kaina na ƙasa, kunnuwana kamar za su kama wuta. Da ta gama ta ce, "Ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne. In kin ga wata yarinya a ɗakinku tana kuka a ɓoye, ki ba ta biyu daga ciki, na sa da yawa." A zango na biyu abin ya zo, ban firgita ba. Kuma na ba da biyun, har na ƙara da biyu.

Yanzu ni malamar firamare ce. Duk ranar farko ta sabuwar shekara, in na tsaya a ƙofar aji yara na shigowa, ina iya gane wanda wani ya zauna ya yi tunaninsa kafin ya fito. Ba a tsadar jaka ake gani ba.

Abin da yawancin masu zuwa gaisuwa ba su sani ba shi ne, Gwaggo ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Tana da karatun allo daidai na sallah, amma takardun da ta yi shekaru tana yi wa bango, ba ta iya karanta ko layi ɗaya a cikinsu ba. Bara, da ƙafafunta suka gaza taka keke ta bar wa jikarta ɗinki, zaman banza ya ishe ta. Sai ta ji an buɗe ajin manyan mata da yamma a firamaren unguwa. Ta ce a rubuta sunanta. Baba ya ce, "Yaya, da wannan shekarun?" Ta ce, "Da na wa kake so in je?" Shi ya riƙa kai ta a bayan babur, ya dawo ya ɗauko ta, tana yi masa faɗan ramuka a hanya.

Ta sha wuya. Hannun da ke zura zare a allura ba tare da dubawa ba, sai ga shi riƙe fensir na ba shi wuya. Ta ce harafin "g" mugu ne, wutsiya gare shi kamar kunama. Amma ba ta fasa zuwa ba ko ranar ruwa.

Farkon watan da ta rasu, ina zaune a gida, wani direban bas da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya yi sallama, ya ba da wata takarda a ninke, ya ce tsohuwa ta ce hannu da hannu. Gwaggo na da waya, kusan kullum muna magana. Na buɗe. Takarda ce da aka yago daga littafin rubutu, haruffa manya-manya, suna hawa suna sauka, an danna fensir har ya kusa huda ta:

"uwata gero yayi kai kizo da yara. gwaggo"

Na karanta sau uku a tsaye. Na kira ta ina kuka ina dariya. Ta ce, "Ya isa? To me ya sa kike kira, ba ki iya karatu ba ne?"

Ranar Asabar na kwashi yaran muka tafi. Tana zaune a tabarma a inuwa, ta rame, amma idon nan na nan. Ta sa suka yi layi, ta dafa kowa, ta faɗa wa jikarta abin da za ta yanka. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Wasiƙar nan, akwai kuskure a ciki?"

Na ce, "Babu, Gwaggo."

Ta ce, "Ƙarya kike, malamarmu ta ce ban raba kalmomi ba. Amma kin zo, ko ba ki zo ba?"

Na ce na zo.

Ta ce, "To ta yi aikinta."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta suturta 'ya'yan mutane ba tare da ta kunyata iyayensu ba, ka suturta ta da rahamarka. Ka yafe mata kaifin harshenta, ka yalwata mata makwanci, ka ba Baba haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa ta same mu a shirye. Amin.